Muhawara: ƙwallon Gelik, ranar wasa a Croke Park, da tambayar wace gunduma ce tamu

Baban Khalifa, Dublin

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana cina, kuma ina so waɗanda suka riga ni zama a ƙasar Ireland su taya ni dubawa. Na yi shekaru ina wuce filin wasa na Croke Park a cikin bas bai taɓa ba ni sha'awa ba, har zuwa farkon watan Yulin 2023, lokacin da wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin gidan waya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da tikiti biyu a hannunsa, ya ce Dublin za ta kara da Mayo, kuma abin kunya ne a ce mutum yana zaune a arewacin birnin nan bai taɓa tsayawa a kan Hill 16 ba.

A ƙafa muka gangaro daga Drumcondra, domin an rufe tituna ga motoci. Filin ba a bayan gari yake ba, a tsakiyar unguwa yake, ta yadda mutum zai shiga lungu mai jerin ƙananan gidajen jan bulo, ya ɗaga kai ya ga katafaren ginin da ke ɗaukar mutum 82,300 ya tokare ƙarshen lungun. Masu talla suna ta shelar huluna da tutoci da igiyoyin ulu da aka kitsa da launin kowace gunduma. Mutanen Mayo da suka yi sammako daga yammacin ƙasar sun buɗe but ɗin motocinsu suna shan shayi daga filas, suna cin burodin da suka ƙunso daga gida. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba a raba 'yan kallo. Mai shuɗiyar riga ta Dublin da mai kore da ja ta Mayo ƙofa ɗaya suke shiga, a rumfa ɗaya suke zama kafaɗa da kafaɗa, suna tsokanar juna har a tashi.

Mu kuwa a tsaye muka yi kallo, domin Hill 16 tudu ne mai matakala wanda babu kujera a kansa, kuma nan ne matattarar magoya bayan Dublin. Duk ɗan wasan da ya taɓa ƙwallo, sai dattijon nan ya matso kunnena ya faɗa mini kulob ɗinsa da unguwarsa, wani lokaci har da mahaifinsa. Da kyaftin James McCarthy ya karɓi ƙwallo, ya ce mini ɗan Ballymun ne, kuma mahaifinsa John ya ci wa Dublin kofi a shekarun 1970. Dublin ta yi nasara a ranar da tazara mai yawa, amma ba sakamakon ne ya tsaya mini a rai ba. Da na koma gida ɗana, wanda a nan aka haife shi kuma yake buga wasan a kulob ɗin unguwarmu, ya tambaye ni: "Baba, mu wace gunduma ce tamu?" Har yau ban ba shi amsar da ta gamsar da ni ba. Shin baƙo yana iya samun gunduma a wasan da aka gina shi kacokan a kan asali?

Ɗan Fagge, Kano

Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin a yi nisa, a taimaka mana mu da muke gida a bayyana mana wasan kansa, domin na ga ɗan guntun bidiyonsa sau ɗaya, na ga mutum ya rungumi ƙwallo yana gudu alƙali bai busa ba, na rasa ko ƙwallon ƙafa ne ko zari-ruga.

Injiniya, Galway

Ƙanena Ɗan Fagge, ba ko ɗaya daga cikin biyun ba ne. Kowane ɓangare 'yan wasa 15 ne, ƙwallon kuma zagayayye ne, ana kama shi da hannu ana kuma buga shi da ƙafa. Mai riƙe da shi ba zai wuce taku 4 ba sai ya buga shi da ƙasa ko ya sake shi a kan ƙafarsa ya dawo da shi hannu, kuma ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo, sai dai a doke ƙwallon da dunƙulen hannu ko tafi. Turakun raga suna da tsawo sosai. Idan ƙwallo ya shiga raga maki 3 ne, idan ya bi ta saman sandar tsakiya tsakanin turakun maki 1 ne, sannan daga 2025 aka ƙara doka cewa wanda ya buga ta sama daga wajen da'irar mita 40 yana samun maki 2. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu, ta farko yawan ƙwallayen da suka shiga raga, ta biyu makin da aka ci ta sama. A wasan ƙarshe na 2023 Dublin ta ci 1-15, Kerry ta ci 1-13, wato maki 18 da 16 ke nan. Wasan gundumomi minti 70 ne.

Amma abin da ya shafi tambayar Baban Khalifa ba ya cikin waɗannan dokoki. Yana cikin cewa babu ɗan wasan da ake biya albashi, kuma babu kasuwar saye da sayar da 'yan wasa. Mutumin da ya buga a gaban 'yan kallo sama da dubu tamanin ranar Lahadi, da shi za ka haɗu ranar Talata yana koyarwa a makarantar firamare, ko yana bayan kanta a banki, ko yana kan tarakta a gonar mahaifinsa. Yaro yana fara wasa a kulob ɗin unguwarsu ko ƙauyensu, wanda galibi iyakarsa ita ce iyakar yankin cocin wurin, daga nan gundumarsa ta zaɓe shi idan ya yi fice. Gwanin da aka haifa a ƙaramar gunduma yana iya gama rayuwarsa ta wasa bai taɓa jin ƙamshin kofi ba, alhali gundumar da ke cinye kofuna tana maƙwabtaka da su.

Malamin Tarihi, Limerick

Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai ina so in ƙara dalilin da ya sa abin ya ginu haka. Ƙungiyar GAA da ke kula da wasan an kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamban 1884 a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma manufar Michael Cusack da abokansa ita ce raya wasannin gargajiya a gaban wasannin da suka zo daga Ingila. Saboda haka tun daga tushe wasan ya haɗu da batun kishin ƙasa. Har zuwa 1971 akwai dokar da ta hana ɗan ƙungiyar buga ƙwallon ƙafa ko zari-ruga, ko ma zuwa kallonsu.

Malam Baban Khalifa, babbar rumfar da ke hannun damanka idan kana kan tudun kana fuskantar fili, wato rumfar Hogan, sunan mamaci take ɗauke da shi. Ranar 21 ga Nuwamban 1920, bayan da mayaƙan neman 'yanci suka kashe wasu jami'an Birtaniya da safe, dakarun gwamnati sun shiga filin da rana ana tsakar wasa tsakanin Dublin da Tipperary suka buɗe wuta. Mutum 14 suka rasu, cikinsu har da yara masu shekara 10 da 11, da wata mata mai suna Jane Boyle da ake shirin bikinta a cikin makon, da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan. A matakalar wannan rumfa ce kyaftin yake hawa ya karɓi kofin Sam Maguire, wato kofin zakaran ƙasa, duk shekara. Wanda ya san wannan ne zai fahimci yadda abin ya girgiza mutane a Fabrairun 2007, da aka bar tawagar zari-ruga ta Ingila ta yi wasa a filin, aka kuma buga taken ƙasarta 'yan kallo suka yi tsit cikin girmamawa.

Game da tudun kuma, za ka ji magoya baya suna cewa da ɓaraguzan gine-ginen da aka rusa a boren 1916 na adawa da mulkin Birtaniya aka gina shi. Masana tarihi sun nuna cewa tudun ya riga boren, kuma da farko Hill 60 ake kiransa, da sunan wani fagen fama a yaƙin duniya na ɗaya, daga baya aka sauya sunan. Ban ba ka shawarar ka tayar da wannan magana a tsakiyarsu ranar wasa ba.

Maman Hanifa, Mayo

Malamai, na karanta duk abin da kuka rubuta, amma Baban Khalifa, da girmamawa, ranar wasan da ka ba da labari ranar mutumin birni ce. Kai ka fito daga gida ka taka da ƙafa, ka koma ka ci abincin dare da zafinsa. Mu a nan, ranar da Mayo za ta je Croke Park tana farawa ne tun kwana uku kafin nan. Makarantar 'yata takan ce yara su zo cikin kore da ja ranar Juma'a, a rataya tutoci daga wannan falwaya zuwa waccan, manoma su yi wa dunƙulen ciyawar da suka tara a bakin hanya fenti, wani ma har tumakinsa. Ranar Lahadi da asuba a cika mota ko jirgin ƙasa, tafiyar awa uku ko fiye, kuma sau da yawa a dawo cikin dare babu mai cewa uffan.

Mayo ba ta ɗauki kofin ba tun 1951. Daga 1989 zuwa 2021 ta kai wasan ƙarshe sau 11, duka ta faɗi, kuma a 2013 da 2016 da 2017 Dublin ce ta doke ta da maki ɗaya tak kowane karo. Mutane suna ba da labarin cewa wani limamin coci ne ya yi wa tawagar 1951 baki don ta wuce jana'iza a garin Foxford tana murna ba ta tsaya ba. Maƙwabciyata, tsohuwa ce mai shekara sama da tamanin, takan yi tsaki idan an kawo zancen, ta ce ba baki ba ne, rashin mai iya buga ƙwallo ta saman sanda ne a mintuna biyar na ƙarshe. Duk da haka tutarta ba ta taɓa sauka daga jikin taga ba. A ganina a wurin irin wannan mata ake gane mene ne asali, domin goyon bayan mai nasara ba ya buƙatar wani tushe.

Injiniya, Galway

Hajiya ta taɓo inda ke yi wa sauran gundumomi ƙaiƙayi. Gundumar Dublin tana da mutane kusan miliyan ɗaya da rabi a ƙidayar 2022, Leitrim kuwa wajen dubu 35, kuma kofi ɗaya suke nema. Croke Park filin ƙasa ne a hukumance, filin Dublin na gida shi ne Parnell Park, amma daga 2007 har zuwa 2015 Dublin ba ta buga wasan babbar gasa ko ɗaya a wajen Croke Park ba. Ta ci kofin lardin Leinster sau 14 a jere daga 2011 zuwa 2024, ta kuma ci na ƙasa sau 6 a jere daga 2015 zuwa 2020, abin da babu wadda ta taɓa yi. A wasu shekarun mutane sun daina zuwa kallon wasannin lardin saboda an san sakamako tun kafin a busa.

Shi ya sa abin da Kildare ta yi a 2018 ya yi wa mutane daɗi. Ƙuri'a ta ba ta damar karɓar Mayo a gida, hukuma ta ce a kai wasan Croke Park saboda filin Newbridge ƙarami ne, su kuma suka kafe cewa ko a Newbridge ko a fasa. Hukuma ta sauko, aka yi wasan a can, Kildare ta ci da maki 21 da 19. Hajiya ta yi haƙuri, na sake fama mata miki.

Baban Khalifa, Dublin

Na karɓi maganar yawan jama'a da ta filin, ba ni da ja a kai. Inda ban yarda ba shi ne a ɗauka cewa mutumin Dublin ba shi da tushe don kawai birni ne. Dublin a wannan wasa tarin unguwanni ce, kowace da kulob ɗinta da gabarta: St Vincent's a Marino, Na Fianna a Glasnevin, Kilmacud Crokes da Cuala a kudu. Ballymun unguwa ce da ta yi fama da talauci da ƙwaya shekaru masu yawa, amma kulob ɗinta ya ba tawagar nan da ta ci kofi 6 a jere James McCarthy da Philly McMahon da Dean Rock da John Small. Yaron Ballymun da ya ga waɗannan a fili, 'yan layinsu ya gani. Kuma dattijon da ya kai ni ya gaya mini cewa yana saurayi samarin birni ƙwallon ƙafar Ingila suka fi bi, suna ganin Gelik wasan ƙauyawa ne, sai da kocin Dublin Kevin Heffernan ya ɗauki kofin 1974 tudun ya cika da 'ya'yan ma'aikata. Ke nan shi kansa asalin Dublin a wasan gina shi aka yi, kuma abin da aka gina ana iya shigarsa. Wannan ne ya sa nake da fata game da ɗana.

Alhaji Na-Belfast

Ɗana Baban Khalifa, ka yi fata, amma ka yi shi da ido buɗe. Ni a Ireland ta Arewa nake, inda rigar Gelik ba tufafi ba ce kawai. Gundumomi 6 na nan suna ƙarƙashin Birtaniya, amma suna buga gasa ɗaya da sauran 26, kuma kusan duk masu wasan daga ɓangaren Katolika masu ra'ayin haɗewar Ireland suke. Akwai unguwannin da ba zan bar jikana ya shiga da rigar Antrim ba. Har zuwa 2001 doka ta hana sojoji da 'yan sandan Birtaniya shiga ƙungiyar, kuma a Crossmaglen sojoji sun mamaye wani sashe na filin kulob ɗin garin shekara da shekaru, jirage masu saukar ungulu suna tashi a gefen masu atisaye. Mu a Belfast ma babban filinmu, Casement Park, a rufe yake tun 2013. Wasan ƙarshe na lardin Ulster a Clones ake yawan yin sa, wani ƙaramin gari a Monaghan da mutane ke cika titunansa har ba masaka tsinke.

Abu na biyu, na taɓa kai jikana wasan yara a wani kulob da ba zan ambata ba, wani daga cikin iyayen da ke bakin fili ya jefa masa kalma a kan launin fatarsa. Gaskiya ne kocinsu ya tsayar da wasa, kuma da yamma mutum uku daga kulob ɗinmu suka zo har gida ba da haƙuri. Amma yaron ya yi mako biyu bai taɓa takalmin wasansa ba. Wurin da yake ƙaunar nasa da ƙarfi haka yakan kuma san wanda ba nasa ba.

Maman Hanifa, Mayo

Allah ya kyauta, Baba, kuma ba zan ce irin haka ba ya faruwa a nan ba. Sai dai ina da abin da zan ɗora a ɗaya gefen sikelin. A garin Ballyhaunis da ke gundumarmu akwai masallaci tun shekarun 1980, saboda ma'aikatan da mayankar halal ta kawo. Daga garin Ballaghaderreen ne kuma Shairoze Akram, wanda aka haifa a Pakistan, ya fito ya ci wa Mayo kofin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 21 a 2016. Boidu Sayeh da aka haifa a Laberiya ya buga wa Westmeath, Ikem Ugwueru da iyayensa 'yan Najeriya ne ya buga wa Clare. Kuma a babbar sallar 2020, lokacin annobar korona, a kan ciyawar Croke Park kanta aka yi sallar Idi da mutum kusan 200.

Abin da na lura da shi a kulob ɗin 'yata shi ne ba a fara kirana da sunana ba sai da na shiga jerin masu wanke jesi da masu dafa shayin bayan wasa. Komai na kulob aikin sa-kai ne, daga mai zana layin fili har mai tsaron ƙofa. Shagalin mashaya da suke yi bayan nasara ba ma zuwa, kuma babu wanda ya taɓa tsare ni a kai. Ɓangaren mata ma ba wasa ba ne, domin wasan ƙarshensu na 2019 ya tara mutum sama da dubu 56.

Ɗan Fagge, Kano

Na ƙaru ƙwarai. Mu a nan sai ka ga an kusa ba hammata iska a gidan kallo a kan ƙungiyoyin Landan da babu wanda ya taɓa ganin unguwarsu, don haka wannan tsari ya ba ni sha'awa. Tambayata ta ƙarshe ita ce, idan mutum ya zo ƙasar, yana iya sayen tikitin wasan ƙarshe kamar yadda ake saye a intanet?

Injiniya, Galway

Sauran wasanni ana saye, amma na ƙarshe ba a sa shi a kasuwa. Ana raba tikitin ne ta hannun hukumomin gundumomi zuwa kulob-kulob na ƙasar baki ɗaya, kulob kuma ya ba mambobinsa, sau da yawa ta hanyar ƙuri'a. Makonni biyu kafin wasan, wanda tun 2022 aka dawo da shi watan Yuli daga Satumba, babu zancen da ake yi a gundumomin da suka kai sai na tikiti, mutum ya kira surukin da ya shekara bai gaisar ba. A 2024 da Galway ta kai, na nema ta hanyar abokan aiki huɗu ban samu ba, a talabijin na ga Armagh ta doke mu da maki ɗaya. Na lura na rubuta "mu", alhali shekarata goma sha ɗaya kacal a nan.

Baban Khalifa, Dublin

Na gode muku duka, musamman Alhaji, domin labarin jikanka ya sa na zaunar da yaron jiya na tambaye shi ko an taɓa faɗa masa wata magana a fili. Ya ce sau ɗaya, kuma abokin wasansa ne ya rama masa kafin ya buɗe baki. Na sake tayar masa da tambayar da ya yi mini, sai ya dube ni kamar na makara, ya ce shi ɗan Dublin ne, ni ne dai ba a san tawa ba. Kulob ɗinsu yana neman iyayen da za su riƙa tsayawa a bayan raga suna ɗaga tuta idan an ci maki a wasannin safiyar Asabar, na kuma ba da sunana. Dattijon maƙwabcina ya yi alkawarin koya mini bambancin farar tuta da koriya kafin ranar, domin ya ce idan na ɗaga koriya, wadda ta ƙwallon raga ce, a kan maki ɗaya, unguwar ba za ta daina ba da labarin ba har in mutu.